Sarƙar Duwatsu da Masar Yumɓu: Yadda Za Ki Fara a Gida

Sana'o'in hannu biyu ne da ake yawan samunsu a tebur ɗaya. Ta farko shirya duwatsu masu ƙyalli su zama sarƙa, abin hannu ko 'yan kunne. Ta biyu ƙera 'yan mitsi-mitsin abinci da yumɓu, irin wanda faranti da abin da ke cikinsa za su zauna a kan farcen babban yatsa. Ba sa cin wuri, ba sa buƙatar inji, kuma a ƙarshe ɗaya tana shiga cikin ɗaya, domin 'yar masar da kika ƙera za ta iya rataya a jikin abin hannun da kika shirya.

Yawancin masu farawa kuɗinsu a kayan aiki yake ƙarewa. Amma ba rashin kayan aiki ne ke ɓata wannan aikin ba, rashin sanin halin abin da ake sarrafawa ne: wane dutse ke jure ruwa, wane zare ke ɗaukar nauyi, wane irin zafi yumɓu yake so. A nan za mu fi daɗewa.

Sanin dutse kafin a saya

Abin da ake sayarwa da sunan kiristal iri biyu ne. Akwai gilashin da aka yanka da fuskoki masu yawa don ya riƙa walƙiya, irin wanda kamfanin Swarovski, da aka kafa a 1895 a garin Wattens na ƙasar Ostiriya, ya yi suna da shi. Akwai kuma dutsen ainihi da aka haƙo daga ƙasa: kwaz fari mai haske, ametis mai launin shunayya, aƙiƙ, da sauransu. Gilashi ba abin kunya ba ne, masagan Bida sun daɗe suna narka kwalba suna fitar da duwatsun ado da ake alfahari da su. Laifin shi ne a sayar miki da gilashi a kuɗin dutse.

Ki ɗaga dutsen ki duba shi a hasken rana. In kin ga 'yan kumfa masu zagaye a ciki, gilashi ne. Ki ɗora shi a kunci: dutsen ainihi ya fi sanyi, kuma ya fi daɗewa kafin ya ɗauki ɗumin jiki. In duk ƙwayoyin da ke zare ɗaya launinsu iri ɗaya ne sak, babu mai tabo, babu mai duhu, to ki yi shakka. Ki leƙa bakin hudar kuma, domin dutsen da aka rina launin yakan taru a nan da cikin tsagu. Da yawa daga shuɗin dutsen da ake kira fairuz a kasuwa farin dutse ne mai suna haulait aka rina, kamar yadda yawancin sitirin mai ruwan lemo ametis ne aka gasa har ya sauya launi. Auduga da ɗan sifirit kan tona asirin rini mara kyau.

Ana haƙo duwatsu masu daraja a Najeriya, a yankunan Filato, Nasarawa, kudancin Kaduna da tsaunin Mambila, amma ƙwayoyin da aka goge aka huda waɗanda za ki samu a zare, galibinsu daga Sin da Indiya suke zuwa. Don haka kada ki yi mamaki in mai shago bai san asalin abin da yake sayarwa ba.

Abu na gaba shi ne tauri. A 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya jera ma'adanai daga 1 zuwa 10 gwargwadon wanda ke iya karce wani. Kwaz da ametis suna kan 7, aƙiƙ ma kusan nan yake, gilashi wajen 5 da rabi, fuloraid 4, selenait kuwa 2, farce ma yana karce shi. Amfanin wannan lissafi gare ki shi ne ƙurar da ke yawo tana ɗauke da ɓurɓushin yashi, yashi kuwa mafi yawansa kwaz ne. Duk dutsen da bai kai 7 ba, a hankali ƙura da goga za su dusashe shi, balle da hunturu. Saboda haka abin hannu, da yake shi ke shan karo da ƙofa da bakin tukunya, a yi shi da dangin kwaz. Masu laushi a bar su ga 'yan kunne da abin wuya. Selenait ba ya son ruwa sam, ametis kuma launinsa na kwaranyewa in ya daɗe a rana.

Za ki ji masu talla suna cewa wannan dutse na kawo arziki, wancan na maganin damuwa. Babu wata hujja ta likitanci a kan haka. Ki saya don ya yi miki kyau, in kuma za ki sayar, kada ki ɗora wa kayanki abin da ba su da shi.

Aiki na farko: abin hannu na roba

Kayan da ake bukata: zare ɗaya na duwatsu masu milimita 6 ko 8, zaren roba mai kaurin milimita 0.7 ko 0.8, almakashi, salatif da gam. Zare ɗaya na masu milimita 8 yakan kai santimita 38 zuwa 40, ƙwaya arba'in da 'yan kai, wato ya isa abin hannu biyu.

Ki auna wuyan hannu da tef ɗin tela, ki ƙara santimita ɗaya da rabi. Manyan duwatsu sun fi cin wuri ta ciki, don haka in kin haura milimita 8 ki ƙara sakin. Ki yanki roba da ta fi wannan awo da santimita 15, domin ƙulli da guntun zare wahala ce. Sannan, kafin ki zura ko ƙwaya ɗaya, ki ja robar da ƙarfi sau da yawa. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ya sa abin hannu ke saki bayan ɗan lokaci har a riƙa ganin zare tsakanin duwatsu. Robar da aka riga aka ja ta gama miƙewarta tun kafin ta hau hannu.

Ki manna salatif a baki ɗaya, ki jera duwatsun a kan tawul tukuna ki ga tsarin, sannan ki zura. Tawul na hana su gangarewa. Ki gwada a hannu kafin ki ƙulla.

Ƙullin kuwa: ki yi na farko kamar yadda aka saba, a na biyu ki zagaya bakin zaren sau biyu maimakon sau ɗaya, ki ja a hankali ta kowane ɓangare har ya zauna. Ki ɗiga gam kaɗan da bakin tsinke, ki bari ya bushe, ki yanke ragowar ki bar milimita biyu, ki ja ƙullin ya shige cikin hudar dutsen da ke kusa. Gam mai bushewa nan take yana sa roba ta yi ƙarfi ta karye, gara irin na masu kayan ado da ke bushewa da laushi. Wajen sawa a mirgina shi ta kan hannu, kada a buɗe shi da ja.

Sarƙar wuya mai nauyi ba ta son roba. Ita ana amfani da siririyar wayar ƙarfe mai rufin leda, a datse bakinta da 'yan ƙananan ƙwayoyin ƙarfe da ake matsewa da filaya, a sa maƙulli.

Aiki na biyu: ɗaure dutse mara huda da waya

Dogayen duwatsu masu tsini ba su da huda, keji ake saƙa musu. Za ki buƙaci filaya mai zagayayyen baki don yin zobe, filaya mai lebur ɗin baki mara haƙora don riƙo, da abin yankan waya. Filayar makanikai mai haƙora tana barin tabo, in ita kaɗai gare ki ki naɗe bakinta da salatif. Wayar jan ƙarfe mai milimita 0.8 ita ce ta gini, mai 0.3 ko 0.4 ta ado. Masu gyaran fanka da injin ruwa suna da wayar jan ƙarfe kauri-kauri, mai rufi a jiki, tana da araha kuma ta isa koyo.

Ki yanki waya biyu, kowace santimita 30 ga dutse mai tsayin santimita 4. Ki gicciya su a tsakiya ki murɗa sau huɗu ko biyar, sai ki samu ƙafafu huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Ki kwantar da murɗin a gaban dutsen kusa da tsininsa. Ƙafafun ƙasa ki zagaya da su baya, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ki murɗa su tare a bayan suna kallon sama. Yanzu kina da murɗi a gaba da murɗi a baya, kowanne da ƙafa biyu. Ki ɗauki ƙafa ɗaya ta gaba da ɗaya ta baya su haɗu a gefen dama ki murɗa, ragowar biyun su haɗu a hagu. Ki ci gaba da wannan musanya har ki kai saman dutsen. A can ki tattara duka huɗun, ki naɗa biyu a jikin biro su zama zoben da sarƙa za ta bi, sauran biyun ki naɗe wuyan zoben da su. Ki yanke, ki danne bakin wayar ya kwanta, ki shafa da yatsa. In ya karce ki, zai ja zaren mayafi.

Kejin zai ɗan yi sako-sako, haka yake yi wa kowa. Ki kama kowace waya da ke kwance a jikin dutsen da bakin filaya ki ɗan karkata ta, lanƙwasar za ta tsuke kejin kuma ta zama ado. Waya tana taurara gwargwadon yadda ake lanƙwasa ta, in kin yi ta warwarewa kina maimaitawa za ta karye, gara ki yanki sabuwa.

Jan ƙarfe tsirara yana barin kore a fata in ya haɗu da gumi, yana fita da sabulu. Wanda ya fi damuwa shi ne maratayin 'yan kunne mai araha, da yawa akwai nikel a ciki, shi ke sa kunnen wasu ƙaiƙayi da ruwa. Ki nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na azurfa.

Yumɓun da ba na rafi ba

Abincin nan ba da yumɓun tukwane ake yinsa ba. Yumɓun folima ne, wato garin roba irin na bututun ruwa da aka kwaɓa da mai sa laushi da launi. Ba ya bushewa a iska ko zai shekara, sai an gasa shi. Fimo shi ne tsohon suna a wannan fanni: Fifi Rehbinder, 'yar shahararriyar mai ƙera 'yar tsana Käthe Kruse, ita ta fara sarrafa shi a Jamus, kamfanin Eberhard Faber ya sayi dabarar a 1964, yanzu kuma Staedtler ke yinsa. Daga Amurka akwai Sculpey da Premo, daga Beljiyam akwai Cernit. Dunƙule ɗaya wajen giram 57 ne, kuma a wannan ƙanƙantar aiki zai daɗe.

Kada ki sayi launi goma sha biyu. Fari, rawaya, ja, ruwan ƙasa, kore, da wanda haske ke ratsawa sun wadatar. Na ƙarshen nan shi ne sirrin aikin. Abinci na gaskiya haske na ɗan shiga cikinsa, shinkafa, albasa, kitse, duk haka suke. In kin yi su da fari zalla za su fito kamar alli. Sai kuma ruwan yumɓu, wato yumɓun folima mai ruwa-ruwa da ake sayarwa a 'yar kwalba, da allin zane mai laushi mai launuka, ba mai maiƙo ba. Sauran kayan suna gidanki: tayil ɗaya mai santsi, reza, allura, tsinken sakace, tsohon buroshin haƙori, takardar alminiyam da ƙaramin buroshin fenti.

In za ki saya, ki danna dunƙulen ta cikin ledarsa. Wanda ya yi tauri sosai mai yiwuwa ya sha zafi a hanya ko a shago ya fara gasuwa. A gida ma ki ajiye shi a wuri mai sanyi, nesa da taga, kada ki bar shi a mota da bazara. Yana cin wasu nau'o'in roba mai ƙarfi in ya daɗe a kansu, don haka ki bar shi cikin ledarsa ko a kwalba.

Wadda ba ta samu wannan ba, ko ba ta da obin, akwai na haɗawa a gida mai bushewa a iska. Kofi ɗaya na sitacin masara, kofi ɗaya na farin gam ɗin kafintoci, cokali ɗaya na man jarirai, cokali ɗaya na ruwan lemun tsami. A zuba a tsohuwar tukunya, a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya haɗe ya saki gefen tukunya kamar tuwo. A sauke, a shafa mai a hannu a murza har ya yi santsi, a ƙulle a leda ya kwana. Ana rina shi da ɗigon fenti. Yana bushewa cikin kwana ɗaya zuwa uku, da damina ya fi daɗewa. Aibinsa biyu: yana tsukewa in ya bushe, kuma ba ya shiri da ruwa ko an shafe shi. Ya dace da abin ajiyewa a kanta fiye da abin sawa a hannu.

Masa da tsire a faranti

Ma'aunin da masu ƙananan kaya suka fi bi a duniya shi ne ɗaya bisa goma sha biyu: farantin santimita 24 ya dawo santimita 2, masa mai faɗin santimita 6 ta dawo milimita 5. Ga mai koyo wannan ya yi ƙanƙanta, ki ninka shi, masarki ta zama santimita ɗaya. Za ki ga hotunan kek da donot da yawa, ba laifi, amma ki fara da abin da idonki ya sani. Kin san inda masa ke yin ja da inda take zama fari fiye da yadda kowane hoto zai nuna miki. In da hali ki ajiye ta gaske a gabanki.

Ki wanke hannu, ki goge tayil da sifirit, ki kashe fanka. Farin yumɓu na kwashe duk wani zare da ƙura. Ki fara da launuka masu haske, ja ya zo a ƙarshe, don yana bin yatsa.

Ki murza yumɓun a hannu har ya yi laushi ya daina tsagewa in an ninke shi. In ya ƙi, ɗigo ɗaya na man jarirai. In ya yi laushi da yawa yana manne wa yatsa, ki matse shi tsakanin farar takarda biyu na ɗan lokaci, za ta tsotse man.

Ga masa, ki haɗa fari kashi biyu, mai ratsa haske kashi ɗaya, da ɗan ƙyas na rawaya. Launin da kike nema shi ne na cikin masa in an ɓare ta, ba na bayanta ba. Ki mulmula igiya, ki yanka gunduwa-gunduwa daidai da juna, ki mulmula kowace, ki danna ta zama mai tudu a tsakiya da siririn gefe. Ki ɗan daddanna da buroshin haƙori, ki soka 'yan ramuka da allura ba a jere ba.

Yanzu suya. Ki kankare alli da reza ya zama gari, launi uku: rawaya mai duhu, ruwan ƙasa mai ja, ruwan ƙasa mai duhu. Da busasshen buroshi ki shafa rawayar kusan ko'ina, ki bi da mai ja a tudun tsakiya da wasu sassan gefe, mai duhun kuwa a wuri ɗaya ko biyu kawai, inda tanda ta fi kamawa. Ki bar fari ya leƙo. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika launi, kuma alli in ya hau ba ya sauka. Kada biyu su fito iri ɗaya, na tanda ɗaya ma ba sa yin haka. Ki ɓare ɗaya, ki tsattsaga cikinta da bakin allura a hankali har ya yi soso-soso. Wannan ɓararriyar ita za ta sa mai kallo ya sake dubawa.

Tsire ya fi sauƙi. Ki haɗa ruwan ƙasa da ja da mai ratsa haske, amma kada ki murza su haɗe gaba ɗaya. Ki sa 'yan guntayen fari-fari a matsayin kitse. Ki fere tsinken sakace ya sirance, ki jera yankakken naman a jiki, ki danna da dunƙulalliyar takardar alminiyam. Ƙulin da ke jiki: ki gasa ɗan yumɓu mai ruwan ƙasa, ki kankare shi ya zama gari, ki shafa ruwan yumɓu kaɗan a naman ki barbaɗa. Kada ki sa yaji ko ƙuli na gaske, ƙwari da fumfuna za su same shi. Albasa kuma: siririyar igiya ta mai ratsa haske, a naɗe ta da fallen shunayya mai siriri sosai, a sake naɗewa da mai ratsa haske da shunayya, a mulmula ta sirance, a gasa, a yayyanka da reza tun tana da ɗumi. Miya ruwan yumɓu ce da garin alli, a ɗiga da tsinke.

In abin zai rataya, ki lanƙwasa ƙarshen wayar mai zobe kafin ki cusa ta, ki shafa mata ruwan yumɓu. Miƙaƙƙiyar waya zarewa take yi.

Gashi

A nan aiki ke gyaruwa ko ya lalace. Ki bi abin da ke jikin leda: Fimo digiri 110 (a ma'aunin Celsius) na minti 30, Premo digiri 130 na minti 30 ga kowane kaurin milimita 6. Lambar da ke jikin maɓallin obin ba abin dogaro ba ce, musamman ƙananan obin na lantarki da zafinsu ke hawa da sauka. Ki sayi ma'aunin zafi na cikin obin, ya fi duk wani kayan ƙawa da za ki saya amfani. Ki kunna obin ya daidaita tukuna, ki ɗora aikin a tayil da farar takarda a ƙarƙashi don kada gindinsa ya yi ƙyalli, ki kifa masa rumfar takardar alminiyam don kada fari ya yi ja.

Ƙara lokaci a daidai zafi ba ya cutarwa, yana ma ƙara ƙarfi. Ƙara zafi ne ke ƙonawa, kuma hayaƙin ƙonannen yumɓu na da illa ga ido da maƙogwaro. In hakan ta faru ki kashe, ki buɗe tagogi, ki fita har ya washe. Wanda bai gasu ba kuwa yakan yi kyau a ido, sai an taɓa ya karye. Ki gasa siririn falle tare da aikin don gwaji: in ya huce ya lanƙwasu bai karye ba, ya yi. In an ɗauke wuta a tsakiya, ba asara, ki sake daga farko in ta dawo, ana gasa shi sau da yawa. Kada a sa shi a maikurowef. Gashin tukunya da yashi da ake yi wa kek ban ba da shawararsa a nan ba sai da ma'aunin zafi a ciki, domin tazarar da ke tsakanin gasuwa da ƙonewa ba ta da yawa.

Bayan ya huce, ki shafa banish, wato ruwan da ke sa ƙyalli, irin mai narkewa a ruwa, a inda ya kamata ya yi maiƙo kawai: saman tsire, miya, albasa. Masa ɗan kaɗan ya ishe ta. Jan farce da banish na feshi sukan sa yumɓun ya yi danƙo bayan watanni, ki guje su.

Haɗawa da duwatsu sai bayan gashi, kada roba ko dutsen da aka rina su shiga obin. Ki buɗe ƙaramin zoben ƙarfe da filaya biyu, ki murɗa baki ɗaya gaba ɗaya baya, kada ki ware shi gefe da gefe don ba zai koma da'irarsa ba. Ki saƙala masar, ki rataya tsakanin duwatsu biyu, ki mayar da bakin ya haɗu ƙam. Aƙiƙ mai ruwan zuma na tafiya da masa da tsire, farin kwaz kuma na karɓar kowane launi.

Reza, buroshi da tukunyar da suka taɓa wannan aiki kada su koma kicin, kuma ki wanke hannu kafin cin abinci. In akwai yara ƙanana a gidan, ki sa kayan a gwangwani mai murfi a saman kabad, domin abin da ya yi kama da masa bakin yaro zai nufa. Turare da man shafawa a fara sa su, su bushe, sannan a sa abin hannun, a kuma cire shi kafin alwala, wanka ko wanke-wanke.